Sunana a Bakin Baba Sale

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na sami 'yan kallo ba, ko da na so, kuma na so ɗin.

Ina koyar da Turanci a wata sakandare a Dutse, amma a zuciyata ni mai ɗaukar hoto ne wanda duniya ba ta gano ba tukuna. Na sayi tsohuwar kyamara, na karanta littattafai kan haske da inuwa fiye da yadda na taɓa karanta manhajar da ake biyana in koyar. A cikin karance-karancen na tsinci cewa ɓarayi sun cika intanet, suna kwashe hotunan mutane su ce nasu ne. Saboda haka na ƙirƙiri tambari: sunana cikakke, har da na kakana, da lambar wayata, da manyan baƙaƙe. Ba a gefe nake sa shi ba, don gefe ana yankewa. A tsakiya nake danna shi. (Har yau ba wanda ya taɓa yunƙurin satar hotona.)

Daminar da ruwa ya ci gonakin wajen Miga, na hau mota na tafi da kyamarata. Can na tarar da wani dattijo, Baba Sale, tsaye a gonarsa, ruwa har gwiwa, yana riƙe da zangarniyar gero da ta ruɓe. Na nemi izini ya ba ni, ya ce dai in jira ya gyara hularsa. Na hana shi, na ce a haka ya fi kyau. Abin ya ba shi dariya, a daidai lokacin na ɗauka.

Na sa hoton a shafina, na zauna jiran yabo. Waɗanda suka yaba ba su cika benci ɗaya ba, cikinsu har da matata, wadda na tsaya a kanta sai da ta danna alamar yabon.

Bayan an yi girbin abin da ya rage, wani ya kira ni. Ya ce sunansa Habu, yana tuƙa keke mai ƙafa uku a Jahun, ya ga hoton mahaifinsa a wayar wani fasinja, a jikin hoton ya sami lambata. Baba Sale ya rasu, cutar amai da gudawa da ta biyo bayan ambaliyar ce ta ɗauke shi. Hotonsa ɗaya tak a duniya shi ne na katin zaɓe, shi ma ruwa ya tafi da shi. Mahaifiyarsu na son ganin fuskarsa.

Na yi masa ta'aziyya da bakina. Zuciyata kuwa, Allah ya yafe mini, cewa take yi: ga shi nan, aikinka ya fara yawo.

Da na nemi asalin hoton sai na tuna na goge memorin kyamarar don ɗaukar bikin wani abokin aiki. Mai tambarin kaɗai ya rage. Na lallashi kaina cewa ba komai. Na wanke shi babba, na sa masa leda, na zura babbar riga kamar mai zuwa karɓar lambar yabo.

Maza na zaune a tabarmi a ƙofar gida. Aka yi addu'a aka shafa, sannan na zaro hoton. Ya bi hannu-hannu, kowa ya duba ya ce Allah ya jiƙansa, ya miƙa wa na gaba. Ban taɓa ganin an riƙe aikina da hannu biyu ba sai ranar. Har na fara shirya bayani kan yadda hasken yamma ya faɗo a kan ruwan.

Inna, matar marigayin, tana takaba, ba ta fitowa gaban baƙin maza. Habu ya shiga mata da hoton. Zauren ƙarami ne, katangar kuma ta ƙasa ce da ruwa ya cinye rabinta, don haka muna jin komai.  Muka ji ta tambaya ko rubutun nan addu'a ce aka yi masa. Habu ya ce a'a. Ta ce to sunansa ne? Habu ya sassauta murya ya ce sunan mai hoton ne, da lambarsa.

Ba wanda ya dube ni a tabarmar. Da ma sun duba, da ya fi sauƙi.

Sai muryarta ta ƙaraso kusa da katanga. "Malam, Allah ya saka da alheri, ka yi mana abin da ba wanda ya yi. Amma ko za ka ɗan matsar da sunan naka? Na ga idonsa dariya yake yi, bakin ne ban gani ba. Yana da wushirya."

Ni ne mai tsayawa gaban aji in yi magana har a kaɗa ƙararrawa. Amma ranar abin da na ce kawai shi ne asalin ya goge. Ta ce ba komai, haka Allah ya so. Har fura ta aiko mini, kuma na sha, don ban san yadda ake ƙin furar mai takaba ba.

Na kai hoton wurin masu gyara a kwamfuta a Dutse. Suka share sunan suka zana baki, mai kyau kuwa, amma na wani ne. Inna ta mayar da shi, ta riƙe na farkon. Habu ya ce a ƙarƙashin matashinta yake, kullum sai ta ciro shi.

To, abin da na roƙa na samu. Ina da hoton da ake kallo kowace rana, da ƙaunar da ba a taɓa yi wa aikin manyan masu hoton da nake karantawa ba. Mai kallon mutum ɗaya ce, ba ta iya karatun boko ba, kuma abu ɗaya ne ya dame ta a hoton: ni.

Yanzu a baya nake rubuta sunana, da fensir, ƙanana. Har yau dai ɓarayin ba su zo ba.