Ranar Da Na Mayar Da Mesa Tebur

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren Malam Sabo ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta. Shekara uku ke nan, amma har yau in abin ya faɗo mini a rai ina tsakiyar wanke kwano, sai in tsaya da soso a hannu ina cewa "kai, kai" ni kaɗai.

Bari in fara da cutar da ke damuna. Ni mutum ne mai tara labaran da ba su tsinana wa kowa komai. Na san raƙumin dawa, duk tsawon wuyan nan nasa, ƙashi bakwai ne a ciki, daidai da na wuyana. Na san macen sauro ce kaɗai ke cizo, namijin ba ruwansa da jinin kowa. Na san tozon raƙumi kitse ne ba ruwa ba. Na san idon jimina ya fi ƙwaƙwalwarta girma (wannan ya kamata ya zame mini gargaɗi, amma ban gane ba). Ina da wani littafi mai shuɗin bango da nake kwafe su a ciki daga waya, ɗaya bayan ɗaya, har da lamba.

Ba haka aka haife ni ba. A shekarunsa na ƙarshe mahaifina ya rasa ganinsa, ya daina fita, ni kuma nake zama a ƙofar ɗakinsa bayan la'asar a gidanmu na Kano. Hirar duniya ba ta daɗe mana, don shi ba mai yawan magana ba ne. Wata rana na karanta masa cewa hasken rana sai ya yi tafiyar kamar minti takwas kafin ya iso gare mu. Ya ɗaga fuskarsa wajen da yake jin ɗumi, ya ce, "Ikon Allah." Tun daga ranar kullum sai na nemo masa guda. Wani lokaci ya ce, "To wa ya ƙirga?" Amma ƙarshenta dai sai ya ce ikon Allah ɗin. Da ya rasu, 'yan'uwana kowa ya kama gabansa, ni kuma aka turo ni Maruta, a ƙasar Gwaram, in koyar da labarin ƙasa. Na zo da katifa, da risho, da littafin.

Kada wani ya ɗauka mutanen Maruta sun wulaƙanta ni. Girmamawa ce ma ta yi mini yawa. Akwai majalisar da ake zama ƙarƙashin wata tsamiya kusa da masallaci, kuma mai riƙe da ita shi ne Baba Iro, wani dattijo manomi mai kiwon zuma, wanda in ya fara ba da labari har mai wucewa a babur sai ya rage gudu. Daga nesa nakan jiyo dariyarsu. Da na iso sai dariyar ta ɗauke, a gyara zama, wani ya ruga ya ɗauko mini kujera guda ɗaya tak da suke da ita. Su suna kan tabarma, ni ina sama kamar alƙali. Sai gaisuwa.

"Malam, ya aiki? Ya ɗalibai? Ya baƙunta?"

Shekara biyu cur ana tambayata ya baƙunta. Ina amsawa da "alhamdu lillahi," in zauna minti goma ina kallon takalmina, in tashi. Kafin in kai kwanar makaranta dariyar ta dawo.

Na gwada sayen shiga da abin da nake da shi. Lokacin cirar gyaɗa na ce musu, "Ko kun san gyaɗa ma baƙuwa ce a ƙasar nan? Asalinta daga Kudancin Amurka ne." Mutanen da suka wuni a sunkuye suna cirarta suka dube ni, ɗaya ya ce, "To, Allah ya yi mata albarka." A ofishin malamai na sanar da cewa a finafinan Indiya ba jaruman ne ke rera waƙar ba, wasu ne daban a ɓoye. Aka ce, "Ai mun sani." Daga nan na koma karanta wa bangon ɗakina. Akwai ƙadangaren da ke zama a kan tagata, shi ne ya fi kowa sauraro, don shi aƙalla yana gyaɗa kai. Ina ba da shi kamar abin dariya, amma gaskiya kaɗaici ya ci ni a ɗakin nan. Akan yi Lahadin da ban furta komai ba ban da sallama da amin.

Ana nan sai Malam Sabo, malamin lissafinmu, ɗan garin kuma ɗan ƙanen Baba Iro, ya same ni ya ce zai yi aure, amarya 'yar Birnin Kudu ce. "Malam, da kai za mu je. An ɗauki bas, akwai wurinka."

Akwai wurinka. Na maimaita maganar nan a raina har na isa ɗaki. Na goge farar shaddata sau biyu. Sannan na yi abin da na saba, na shiga waya neman abin da zan tafi da shi. Na karanta cewa a duwatsun Birnin Kudu akwai tsoffin zane-zanen shanu da magabata suka yi a jikin dutse, kuma ɗaya daga cikin wuraren sunansa Dutsen Mesa. Ina ganin kalmar sai wani abu ya haska a kaina. A littafin labarin ƙasa da nake koyarwa da shi, tsaunin da samansa yake shimfiɗe ana kiransa mesa, kalma ce ta Sifaniyanci mai nufin tebur. Na haɗa wannan da wancan, na ji kamar na tono rijiyar mai. Ban bincika ba, ban tambayi kowa ba. Tsoro ma nake kada wani ya riga ni faɗa.

Ranar Asabar muka kama hanya da safe, bas cike da manyan riguna da ƙanshin turare. Ina jikin taga ina bitar jawabina a zuci. Aka ɗaura aure lafiya, aka shafa fatiha, aka raba goro da alewa, muka zauna ƙarƙashin rumfa muna jiran shinkafa. Ban san yadda aka yi ba na tsinci kaina a tabarma ɗaya da Baba Iro da dattawan gidan amarya. Ba kujera a wurin. A karo na farko gwiwata tana taɓa ta wani.

Baba Iro ya buɗe hira. Ashe mahaifiyarsa 'yar Birnin Kudu ce, yana yaro ta sha zuwa da shi ganin gida. Ya ba da labarin yadda ta gaya masa 'yan mata kan raka amarya wajen duwatsu, da wani dutse da in an ƙwanƙwasa shi yake ƙara kamar ƙarfe. Dattawan suna gyaɗa kai, wani yana ƙara masa, rumfar duk ta juyo tana sauraro. Sai ya ambaci Dutsen Mesa.

Da na yi shiru, da na ci shinkafata na koma gida da mutuncina. Amma na ji abin ya taso mini daga ciki kamar atishawa.

"Baba, a gafarce ni. Ko kun san dalilin da ya sa ake ce masa Dutsen Mesa?"

Ya dube ni da fara'a. "To, Malam, mu dai mun taso mun ji ana cewa mesa ce take kwana a wurin."

"A'a, Baba. Ai kuskuren da kowa ke yi ke nan."

Haka na ce wa dattijo mai furfura, a gaban surukan gidansu, ranar da aka ba su mata. Kuma ban tsaya nan ba. Na tashi a kan gwiwoyina (Allah ya taimake ni ban miƙe tsaye ba), na yi bayanin tsauni mai shimfiɗaɗɗen kai, na kifa tafin hannuna na nuna yadda yake, na ce kalmar Sifaniyanci ce, ma'anarta tebur, wato ainihin sunan shi ne Dutsen Tebur. Na rufe da cewa, "Yana nan a littafi." Sannan na zauna ina jiran abin da na shekara biyu ina jira.

Kawun amarya, wani Alhaji siriri mai tabarau, ya gama tauna goronsa a natse, sannan ya ce, "Sifaniya, masu ƙwallon nan?"

"Su fa, Alhaji."

"To, su da suka zo raɗa wa dutsen namu suna, ta Gwaram suka biyo ko ta Kano?"

Wani ya yi tari a bayana, irin tarin da ba na mura ba. Baba Iro bai yi dariya ba. A hankali ya tambaye ni, "Malam, ka taɓa zuwa wajen dutsen?"

"A'a, Baba."

"To, macijiyar nan ƙatuwa mai haɗiye akuya, ku a Kano me kuke ce mata?"

"Mesa," na ce.

Da bakina na faɗa, ni Bahaushe ɗan Bahaushe, wanda tun yana rarrafe ake tsorata shi da ita. Daidai lokacin aka shigo da farantan shinkafa, sai wata murya daga ƙarshen rumfa ta ce, "Na Malam a ɗora masa a kan mesa." Nan rumfar ta fashe. Har liman sai da ya rufe fuska da hannun riga. Malam Sabo, ango guda, ya zo yana tambayar me ya faru, aka maimaita masa daga farko, har da kifa tafin hannu.

A hanyar dawowa na zauna a kujerar baya na yi barcin ƙarya tun daga Birnin Kudu har Maruta. Dariyar ba ita ta fi ci mini rai ba. Abin da ya fi ƙona ni shi ne sau ɗaya aka matsa mini a tabarma, ni kuma na yi amfani da damar na ƙaryata mai tabarmar.

Mako biyu ban bi ta gaban tsamiya ba. Na samo wata hanya ta bayan makaranta, ta cikin gonar dawa, wadda ke ɓata mini wando da ƙarangiya. In an idar da sallah ni ne farkon fita. Littafin mai shuɗin bango na tura shi ƙarƙashin katifa, ko ƙadangaren ban ƙara karanta wa ba. Har takardar neman canjin wurin aiki na rubuta, na ninke ta na sa a aljihu, ina yawo da ita ina jiran ranar da zan iya miƙawa.

Wata Laraba bayan la'asar ina sauri ina saka takalmi a ƙofar masallaci, sai na ji an ce, "Malam Tebur."

Baba Iro ne, daga ƙarƙashin tsamiya. Ba hanyar gudu. Na isa ina jan ƙafa, na yi sallama, na tsaya ina jiran a ɗauko kujera. Ba wanda ya motsa. Kujerar ma wani ne a kai yana gyaran fartanya.

"Kai, matsa masa mana," in ji Baba Iro ga na kusa da shi.

Na durƙusa na ce, "Baba, ku yafe ni. Na yi rashin kunya."

"Rashin kunya ka yi, ba shakka," ya ce. "Amma surukan Sabo har sun aiko suna tambayar lafiyarka. Sun ce ranar suna in ba da kai ba kada mu zo. Zauna."

Na zauna. Hirar ba ta ɗauke ba. Aka ci gaba da musun da ake yi a kan ko damina za ta kai ƙarshen wata, wani ya ce ya ji a rediyo, aka ce masa, "Kai dai, tebur ne." Ashe a makonni biyun da na ɓuya, sunan ya zama kalma a garin. Duk maganar da aka faɗa da ƙarfin hali alhali ba ta da tushe, tebur ce.

Can Baba Iro ya juyo gare ni. "Sabo ya ce ka taɓa ce wa malamai zuma ba ta lalacewa, ko shekara nawa ta yi. Gaskiya ne, ko ita ma tebur ce?"

Na ce, "Gaskiya ne, Baba. In dai an rufe ta da kyau, ruwa bai shiga ba."

Ya ɗaga kai yana duban rassan tsamiyar. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana ɗora amya a bishiya. Sannan ya ce, "Ikon Allah."

Na sunkuyar da kai na shiga cire ƙarangiya daga ƙafar wandona, na daɗe ina cirewa, har da wadda babu.

Ba zan ce komai ya canja ba. Ɗakin nan dai shi ne, taliyar mutum ɗaya nake dafawa har yau, kuma Lahadi ba ta rage tsawo ba. Ɗalibaina in na juya baya sai in tarar an zana maciji a kan tebur a allo. Amma tun daga ranar ba wanda ya sake tambayata ya baƙunta, takardar canjin wurin aikin kuma a wanki ta narke. Abin da na koya bai taka kara ya karya ba: in dattijo yana ba da labarin garin uwarsa, ka rufe bakinka ka ci goro, ko da kana da littafi.

Da na koma ɗaki a ranar na zaro littafin daga ƙarƙashin katifa, na sa sabuwar lamba, na rubuta: "Mesa macijiya ce. Majiya: Baba Iro." A duk abin da ke cikin littafin nan, shi kaɗai ne wani ya gaya mini baki da baki.