Ranar da Na Kira Sunan Malam

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so ma Malam ba zai bari ba. Bayan ciwon karkarwar nan ya kama ni, har ludayin fura yana gagarar hannuna, sai aka ce likitoci sun zo asibitin gari daga Zariya. Bincike za su yi kan masu irin ciwona, su ga yadda yake taɓa tunani, amma waɗanda mantuwa ba ta kama ba za su ɗauka. Na ce ai ni suka zo nema (duk garinmu Tabanni, in aka rikice kan asalin dangi, ɗakina ake zuwa).

Malam ya rako ni, ya zauna a benci bayan taga. A layi kuwa ga Ladi maƙwabciyata, wadda labari ba ya kwana a bakinta.

Likitar yarinya ce, da jin Hausarta kin san da girmanta ta koya. Ta tambaye ni watan da muke ciki, na faɗa. Ta jero min wasu kayayyaki ta ce in maimaita, na maimaita tsaf. Sai ta ce, "Mama, yaya sunan mijinki?"

Na ce Malam. Ta ce a'a, na yanka. Na sunkuyar da kai. Ta tambayi sunan ɗana na fari, na dubi bango. Tun da aka kai ni gidan mutumin nan bakina bai taɓa kama sunansa ba, sai yau, don sa'ar 'yar cikina ta tambaya?

Can na ji ta ce wa nas a hankali wai mantuwa ta fara, ba za a ɗauke ni ba. Na waiga, ga ƙafafun Ladi a ƙarƙashin labule. Kafin la'asar duk Tabanni za a ji na manta mijina.

Ban san lokacin da murya ta ƙwace min ba. "Haruna! Sunansa Haruna!"

Daga bayan taga, a natse, aka ce, "Na'am, ga ni."

Nas ta toshe baki. Ni kuwa na ja mayafi har haɓa.

An ɗauke ni dai, likitar har da ban haƙuri. Amma yanzu in na ce, "Malam, ga tuwo," sai ya ce kunnensa ya yi nauyi, in kira shi irin na asibiti. Don haka in za a gwada ƙwaƙwalwarki, 'yar nan, ki bar tsohon a gida. In ya nace, ki tabbata an rufe taga.