Shugaba Bong da Kumfar Ranar Zaɓe

Ku matso nan, daɓen ya fi ɗumi ta wannan gefen. Yau labarin babban mutum zan ba ku, irin wanda ba a samu sau biyu, don ko uwarsa da ta ga abin da ta haifa ba ta ƙara ba.

Bong Mansik ke nan, Shugaban Mazauna Benenmu. Tsohon bene ne mai hawa biyar a Chuncheon, gida bibbiyu a kowane hawa, amma in kuka ji yadda yake faɗin "al'ummata" sai ku rantse Koriya ce gaba ɗaya aka damƙa masa. Da can akawu ne a wani ofishin gunduma, aikinsa buga hatimi. Da ya yi ritaya hatimin ya tsaya a ofis, hannun ya biyo shi gida yana neman abin bugawa. Sai ya same mu.

Kai, mun more shugaba! Ko matarsa, Uwar Jiho, ba ta isa ta ce masa Baban Jiho ba. "Shugaba, ga shinkafa." "Shugaba, ɗaga ƙafarka zan share." Mu kuwa a bayan idonsa Baban Lasifika muke ce masa, saboda 'yar lasifikar nan da ke manne a bangon kowane gida, wadda ba ta da makashi. An sa ta ne don gobara. Gobara ba ta taɓa tashi ba, amma Shugaba kullum sai ya tashi. Kina cikin barcin rana sai ki ji gyaran murya daga bango: "Ya ku al'umma masu daraja, Shugabanku ke magana. An ga takalmin wani a matattakala yana kallon kudu." Shi ke nan, barci ya tafi.

Ga shi da baiwar hannu. Babu abin da zai lalace a benen nan ya bari a kira mai gyara. Ƙofar shiga tana ƙara, ya gyara ta, ta daina ƙara, ta kuma daina rufuwa. Fitilar hawa na biyu tana ƙyafta ido, ya gyara ta, ta rufe idon gaba ɗaya. Da kaka ta zo muka ce a naɗe bututun ruwan wanki kafin sanyi, ya ce wannan aikin shugabanni ne. Ya kwaso tsofaffin singiletinsa da wata rigar sanyin Uwar Jiho da ba ta ce ta gama da ita ba, ya naɗe bututun, ya ɗaure da igiyar shanya. Ya ja da baya ya dube shi kamar ya gina gada.

"Bututun nan," in ji shi, "ko ƙarshen duniya aka kai shi ba zai daskare ba. Ku rubuta ku ajiye."

To mu da ba mu iya rubutu ba, sai muka ajiye a ka.

Amma abin da ya fi fito da shi, gudun hunturu. Sanyin garinmu kun san shi, kogi ya daskare, kare ma ya ƙi leƙo waje. A nan ne Shugaba zai fito cikin kayan gudunsa farare fat, ya tsaya a tsakar gida ya yi ta miƙa yana huci har sai ya ga labule ya motsa a kowace taga. Sannan ya zabura. Ƙirji a gaba, haɓa a sama, gwiwa har ciki. Haka zai yi ta yi har kwanar da tagoginmu suka daina hango shi. Daga nan kuma sai rumfar mai romon kifi, ya zauna gindin murhu ya sha kwano biyu, ya yayyafa ruwa a goshi, ya dawo mana da gudu yana haki.

"Na kewaye tafki," zai ce. "Shugaban da bai iya da sanyi ba, ina zai iya da jama'a?"

Mai romon ƙanwar Inna Malsun ce ta hawan ƙasa. Kowa ya sani. Shi kaɗai ne bai san mun sani ba.

To ita Inna Malsun ɗin nan ita ce ta zame masa ciwon kai. Bazawara ce, mai sayar da kimci, wato jiƙaƙƙen kabeji mai yaji, da kayan miya a kasuwa, gajeriya, muryarta ba ta bukatar lasifika. Shekara da shekaru in zaɓen shugaban bene ya zo, Bong shi kaɗai ke tsayawa, ya ci, ya yi mana jawabin godiya har shayi ya huce. Wannan shekarar sai Malsun ta ce ita ma tana so. Dalilinta guda: tana son ƙofar shiga ta riƙa rufuwa.

Ranar da ya ji bai iya cin abinci ba. Kujerar nan ita ce duk abin da ya mallaka. In aka karɓe ta, ya koma Baban Jiho, tsoho mai zaman gindin talabijin. Aka sa zaɓe ranar Lahadi da rana, shi kuwa ya shiga kamfe gadan-gadan. Ya riƙa tsayawa a bakin ƙofa yana rusuna wa kowa kamar masu neman majalisa, har mai kawo iskar gas sai da ya sha gaisuwa.

Ranar Asabar ya gayyaci duk benen zuwa ɗakin waƙa, inda inji ke sa kiɗa kana rerawa ya ba ka maki, wai liyafar haɗin kai. Muka je, ai ba a ƙin kyauta. Ya zo cikin fararen kayan nan, ya ce su ne tutarsa, da su zai tsaya gobe a ga bambancin mai lafiya da mai warin tafarnuwa. Ya kama makirfo. Wallahi har muka tashi makirfon nan bai san tafin hannun wani ba. Ya yi waƙar soyayya, ya yi ta soja, ya yi ta kewar ƙauye yana rufe ido. Injin ya ba shi makin da ko ɗan firamare zai ɓoye wa uwarsa.

"An taɓa injin nan," in ji shi. "Na san aikin 'yan adawa."

Ya ce a sake. Ya ja dogon numfashi, ya ware hannu zai kamo wata murya can sama, sai gwiwar hannunsa ta kamo tukunyar miyar kimci. Daga wuya har cinya, ja wur.

A daren sanyi ya sauko irin wanda ke tsaga tulu. Kun san dai in ya kai haka ba a kunna injin wanki. Bututu guda ne ya ratso barandodi daga sama har ƙasa, in gindinsa ya daskare, duk ruwan da na sama ya saki a gidan na ƙasa zai fito. Kowace mace ta san wannan tun tana yarinya. Amma da gari ya waye sai da bango ya yi gyaran murya.

"Ya ku al'umma! Duk da ingancin aikin da Shugabanku ya yi wa bututu, an haramta wanki har sai an ji daga gare ni. Wanda ya karya dokar nan maci amanar bene ne, kuma da hannuna zan tona shi!"

Ya ajiye makirfo, ya dubi kayansa a kan kujera. Ya ce wa Uwar Jiho ta wanke da hannu. Ta ce ruwan ya fi ƙarfin yatsunta, kuma ita gidan wanka za ta. Ta ɗauki kwandonta ta fita.

Shugaba ya zauna ya yi tunani irin na manya. Doka ai don jama'a aka yi ta, jama'a kuwa suna da yawa, shi ɗaya ne. Inji ɗaya me zai yi? Kuma wane ne ya naɗe bututun? To. Ya cusa kayan. Bai taɓa wanki ba tun da aka haife shi, saboda haka ya juye garin sabulu rabin kwali, ya ga kamar ya yi rowa, ya ƙarasa sauran. Ya danna duk abin da ke dannuwa. Injin ya kama. Ya sa kwat ɗinsa, ya kulle ƙofa, ya sauka bakin gida gaisuwar ƙarshe.

Bai daɗe da fara rusunawa ba sai ihu.

"Wayyo daddawata! Wane la'ananne ne? Wayyo!"

Gidan Inna Malsun, wanda ke daidai ƙarƙashin nasa can ƙasa. Kumfa ta ɓullo daga baranda ta shigo ɗaki kamar an aiko ta. Shimfiɗarta ta jiƙe. Curin daddawar waken soya da ta jera a daɓe mai ɗumi tun farkon hunturu, miyar shekara guda ke nan, suna iyo. Mata suka fito da tsumma da bokiti, maza suka fito da shawara.

Da wani ne, sai ya sulale sama ya kashe injin. Shugaba ma ya yi niyya. Amma Malsun ta damƙe hannun kwat ɗinsa.

"Kai ka ce za ka tona shi da hannunka. To ga hannun, ga mu. Mu je."

Ido ya yi masa yawa. Sai ya tuna da mai jegon hawa na uku. Jariri sabo, tsumma kullum, ai dole ita ma ta saci wanki. In an kama ta, magana ta ƙare a can. Nan take ƙirjinsa ya dawo.

"Kwamitin bincike ya kafu!" in ji shi. "Gida-gida, inji-inji. Ba sani ba sabo!"

Muka ɗunguma. Hawa na biyu, ya dafa injinsu, sanyi ƙalau, har da ƙura. Hawa na uku, ya shiga da ƙarfinsa yana cewa, "'Yata, faɗi gaskiya, Shugaba uba ne." Yarinyar ta ja shi baranda. Ta nuna masa baho cike da tsumman jariri, ta nuna masa hannuwanta jajaye sun kumbura. Injinta kuwa kabeji ta ajiye a ciki.

"Madalla," ya ce, murya ta ɗan sirance. "Madalla da tarbiyya."

Hawa na huɗu gidan Tsoho Gil ne, shi ko injin ma ba shi da shi. Muna tsaye a barandarsa sai rufin ya fara rawa. Gur-gur-gur-gur. Kofi na tafiya da kansa a kan tebur. Kowa ya ɗaga kai.

Shugaba ya fara gudu a tsaye. Na rantse muku, a cikin kwat, gwiwa har ciki, yana buga ƙafa da ƙarfi.

"Jini ne nake motsawa! Ku ma ku yi, sanyi ba ya kama mai motsi! To, jama'a, kwamiti ya kammala aikinsa. Sakamako: ikon Allah ne. A watse."

"Saura hawa ɗaya," in ji Malsun.

"Gidan hukuma ne."

"Bututun bai sani ba. Hau."

Ya hau, amma wannan karon ba gwiwa har ciki. A bakin ƙofarsa ya juya ya ba ƙofar baya, ya ware hannu. Ƙarar ta tsaya cak, sai ransa ya ɗan dawo. Ya gyara murya.

"Ya ku al'umma! Kun ji shiru, ko? Shekara nawa ina ɗauke da benen nan a kafaɗata? Wa ya gyara muku ƙofa? Wa ya hana kansa barci? Yau ni za a tsaya wa a ƙofa kamar ɓarawon kaji? Ni da ko sunan sabulu ban sani ba..."

Kun san injinan nan in sun gama aiki sai sun yi 'yar waƙarsu. Sai ga ta ta bayan ƙofa, siririya, mai daɗi, tilin-tilin-tilin, ba gaggawa.  Muka tsaya muka saurare ta tun daga farko har ƙarshe. Wata daga baya ta ce, "Wannan kam da ya ci maki."

Shugaba ya sauke hannuwansa. Ya girgiza kai irin na wanda duniya ta ci amanarsa.

"Mata!" ya ce. "Kun gani? Uwar Jiho ce. Na yi gargaɗi, na yi nasiha. Ina fita ta kunna. Yanzu haka tana ciki kunya ta hana ta buɗewa. Ku bar ni da ita, zan hukunta ta a cikin gida."

"A wane gidan?"

Daga ƙasan matattakala muryar ta fito. Muka dare. Ga Uwar Jiho, zani a tattare, bokiti a hannu, kumfa har gwiwa. Ashe ko gidan wankan ba ta kai ba, ta tsaya hira wajen Malsun, da ita aka yi ta kwashe ruwa tun farko.

Ta hauro a hankali. Ta sa hannu a aljihun kwat ɗinsa ta zaro makulli, ta buɗe, ta shiga. Ta fito riƙe da rigar gudun ta ɗaga mana ita. Jan miyar yana nan daram, sai dai ya ƙara faɗi.

Malsun ta ce tunda kowa na nan, kuma ɗakin taron nata ne ga shi ya zama tafki, a yi zaɓen a matattakala a huta. Tsoho Gil ya ce masu son Bong su ɗaga hannu. Shugaba ya ɗaga nasa, ya miƙe shi sosai. Ya duba hagu, ya duba dama. Sannan ya dubi matarsa, ya rage murya.

"Uwar Jiho. Shekara arba'in fa."

"Hannuna a jiƙe yake, ka yi haƙuri."

Aka ce masu son Malsun. Ta dire bokitin ta ɗaga duka biyun, ruwan kumfa na gangarowa ta gwiwar hannunta. Da aka gama ta sunkuya ta ɗauki bokitin da tsumman ta miƙa masa.

"Ungo, Baban Jiho. Ka fara daga baranda."