Biskit Ɗin da Ya Karya Min Alwala

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na yi limanci a shagon Alhaji ba, mahaifin Rakiya, yarinyar da nake nema da aure. Kayan gyaran mota yake sayarwa a Suame, unguwar makanikai, kuma abin da yake son sani ɗaya ne: mai digirin kimiyyar abinci yana da sana'ar riƙe mace?

Sana'ata biskit ce, na garin ɗanyar ayaba da tuƙar aya da dusar wake. Irin wannan abinci ba ya narkewa da wuri, sai ya gangara babban hanji, ƙananan halittu masu amfani da ke zaune a can su ci su ƙoshi, ciki ya samu lafiya. Malamarmu ta jami'a ta sha gargaɗin a fara da kaɗan, don idan suka ƙoshi iska suke saki (na rubuta haka a jarrabawa, har na ci maki).

Tun hantsi nake shagon ina zuba bayani. Alhaji ya ɗanɗana ɗaya ya ajiye. Don in nuna masa kayana ba na wasa ba ne, na yi ta ci sai da leda ta ƙare.

Da la'asar aka shimfiɗa tabarmi, makanikai suka yi sahu. Alhaji ya ce, "Yaro, shiga gaba, mu ji karatun 'yan boko."

Raka'ar farko cikina ya fara ƙugi. Na daure. A ruku'u na biyu abin ya fi ƙarfina, kuma bai fito a ɓoye ba, ga shi an kashe duk injuna saboda salla. Na jawo wanda ke bayana ya ci gaba da limanci, na toshe hanci kamar yadda aka koya mana, wai a ɗauka haɓo ne. Wa zai ɗauka? Kunya ta sa na so ƙasa ta tsage.

Bayan sallama Alhaji ya same ni a bakin famfo. "Wannan biskit naka, mutum ya ci, buta nawa zai tanada?"

"Kaɗan-kaɗan ake ci, Baba."

"To kai wa ya hana ka?"

Rakiya dai ya ba ni, wai mai barin salla saboda alwala ba zai cuci 'yarsa ba. Limanci kam bai sake ba ni ba. Yanzu duk mai sayen biskit ina gaya masa ya fara da ɗaya, kuma idan gidan surukai za shi, ya bari sai ya dawo.