Ranar da na dafa wa surukina zogale

Bara ƙwannafi ya dame ni, sai na karanta a waya cewa abincin da ake kira "alkalin" da Turanci, wato ganye da kayan lambu, yana rage tsamin ciki. Ashe a ƙasa an ce a turara ganyen kaɗan kawai, kada ya yi ligif. Ban kai wannan layin ba. Ina ganin alkalin kishiyar tsami ne na rufe waya, don na san abin da ke kashe tsami: kanwa.

Ranar da surukina ya zo mana Gwarzo daga Dugabau, na karɓi tukunyar zogale daga hannun maiɗakina.

Ta ce, "Malam, bari in yi kwaɗon yadda Baba ya saba."

Na ce mata wannan girki na masu ilimi ne. Na jefa kanwa mai girman ƙwan kaza, na iza wuta, na bar shi yana tafasa har la'asar. Zogalen ya narke, ya koma kamar taɓo.

Baba ya yi bisimilla ya kai loma ɗaya. Ya daɗe yana taunawa, ko da yake babu abin taunawa. Can ya ce a hankali, "Allah ya yi albarka. Mu dai a gida shanu muke ba wa kanwa haka."

Don in kare mutuncina, na cinye sauran. Kwana biyu ina zarya da buta.

Har yau, duk lokacin da saniya ta ƙi kiwo a Dugabau, sai ƙannen matata su bugo waya, wai likita ya taho da tukunyarsa.