Koci Inagaki Ba Ya Cire Mai Jifa

Duk faɗin lardinmu babu wanda ya san besbol, wasan nan da wani ke jefa ƙwallo wani ya buge ta da sanda, kamar Koci Inagaki. Mai shakka ya je ya tambaye shi. Shekara ashirin da uku yana riƙe da ƙungiyar jami'armu, bai taɓa ɗaga kofi ba, amma wannan laifin kofin ne. Abin da yake taƙama da shi ya fi kofi nauyi: tun da ya kama aiki bai taɓa cire mai jifa daga fili ba. Wanda ya fara jifa shi zai ƙare, ko da hannunsa zai tsinke ya bi ƙwallon.

"Gwiwar hannu ba ta ciwo," haka yake ce wa ɗalibai, yana tafe hannu a baya. "Zuciya ce take ragwanci, sai ta laƙa wa gwiwar hannu. A zamanina na yi jifa ɗari uku a yini guda da karyayyen yatsa!"

Bara yatsa ɗaya ne. Bana sun zama biyu, an ƙara da ruwan sama. A gabansa 'yan wasa kan cire hula su sunkuya su ce Yallaɓai. A bayansa kuwa sunansa Baba Lasifika.

Gwarzon jifansa na bana shi ne Tsuruta, ɗan ajin ƙarshe, mai shiru-shiru. Wani kamfanin jiragen ƙasa ya yi masa alkawarin aiki da gurbi a ƙungiyarsa, da sharaɗi ɗaya tak: ya iso da hannunsa lafiya. Sati uku ke nan gwiwar hannun tana kumbure. Kowa ya gani. Sai dai a wajenmu ɗalibi ba ya buɗe baki ya ce wa koci na gaji. Gara ya faɗi a fili a ɗauke shi.

A wasan ranar Lahadi, a zagaye na shida, Tsuruta ya fara jifa kamar mai korar kaji. Wata ƙwallon ta yi sama, wata ta bi ƙasa, wata ta samu mai bugu a ɗuwawu. Bayan kowane jifa sai ya cije leɓe. Ni da nake zaune kusa da bencin 'yan wasa, wallahi tausayi ya hana ni cinye shinkafar da na zo da ita.

Koci ya miƙe. 'Yan kallo suka zuba masa ido, wasu har sun fara murna wai yau za a ga abin da ba a taɓa gani ba. Ya gyara hula, ya tura tumbi gaba, ya taka zuwa tudun jifa a hankali don kowa ya ƙoshi da kallonsa.

"Tsuruta! Ka san me ya sa itacen gora ba ya karyewa?"

"A'a, Yallaɓai."

"Saboda ba shi da gwiwar hannu! Abu uku zan gaya maka. Na farko, ruhi. Na biyu, ruhi."

Kafin ya kai na uku alƙalin wasa ya matso yana nuna agogo. Koci ya koma benci yana ƙunƙuni, wai alƙalan yanzu ba su san darajar ilimi ba. Mai bugu na gaba ya narka wa ƙwallon sanda, ta tsallake katanga ta faɗa gonar kabeji, abokan hamayya suka ci maki.

A nan ne Nakazato ya nemi a tsayar da wasa. Shi ne mai cafe ƙwallo, kuma kyaftin. Shekara huɗu yana tsugune gaban Tsuruta, ya san hannun nan fiye da mai shi. Ya rugo benci, ya cire hula, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa.

"Yallaɓai, a gafarce mu. Abu na ukun nan ne ya hana Tsuruta sakat. Ya ce in bai ji shi ba, jifan ba zai saitu ba."

Koci ya gyaɗa kai. "Na sani. Dama na ukun shi ne magani."

"Kuma, Yallaɓai," Nakazato ya rage murya, "masu talabijin yanzu suka iso. Ba su ɗauki zuwanka na farko ba."

Ban taɓa ganin mai shekara sittin da ɗaya ya miƙe da sauri haka ba. Ya sa yawu ya kwantar da gira, ya tsallaka farin layi, ya nufi tudu, fuskarsa na kallon kyamara. Yana isa ya dafa kafaɗar Tsuruta, ya ɗaga yatsu uku sama.

"Na uku..."

"Koci," in ji alƙalin wasa, wani dattijo da ya sha laccar dokoki daga bakin Inagaki ba tare da ya roƙa ba. "Zuwanka na biyu ke nan a zagaye ɗaya."

"To? Tudun gidanku ne?"

"Doka ce. Koci ya zo wurin mai jifa sau biyu a zagaye ɗaya, mai jifa ya fita."

"Ni ban cire shi ba!"

"Ƙafarka ta cire shi."

"Wancan zuwan ai bai ƙare ba, kai ka katse ni! Wannan cikonsa ne!"

Alƙali ko kallonsa bai yi ba. Tsuruta ya miƙa ƙwallon da hannun hagu, ya cire hula, ya sunkuya wa fili. Hawaye yake yi, masu talabijin suka ɗauka na baƙin ciki ne. Yana isa benci aka naɗe masa hannun da ƙanƙara, Nakazato kuwa ya sa abin kare fuskarsa da wuri don kada a ga haƙoransa.

Koci dai ba ya rasa ta cewa. Ya juya wa kyamara, ya ce da ƙarfi, "Dabara ce! Tun jiya na tsara ta. Babban koci yakan san ranar da zai saɓa wa kansa."

"Madalla," in ji alƙali, ya zaro biro. "Wa zai shigo?"

Koci ya waiga benci. Masu jifa biyar ne zaune a jere, sun ƙura masa ido, wandunansu farare tas, ba wanda ya taɓa sanin ƙasar tudu. Ya dubi na farko. Ya dubi na biyu. Ya yi tari. Leɓensa na motsi, amma babu sunan da ya fito.

"Koci, muna jira."

Can fuskarsa ta washe. Ya buga ƙirji, ya ƙwala kira yadda duk fili zai ji: "Ebihara! Fito!"

Babu wanda ya motsa. Nakazato ya matso, ya sake sunkuyawa cikin ladabi, amma bai rage murya ba.

"Yallaɓai, Ebihara ya gama karatu shekara shida ke nan. Inshora yake sayarwa a Osaka, 'ya'yansa biyu. Ai kai ka yi jawabi a bikin aurensa."