Ranar da Na Ɗura wa Akuyar Inna Manja

Ba zan taɓa mantawa ba da hantsin Larabar nan, don har yau in akuya ta yi kuka sai gabana ya faɗi.

Watana uku ke nan da tarewa a Tamawa. Ni 'yar Dutsin-Ma ce, na gama sakandare, ina jin kaina wayayya. Da na je ganin gida sai na sayo dashen wata bishiyar ado mai rawayan fure kamar mazurari. Mai sayarwar ya ja mini kunne: "Hajiya, ganyenta da 'ya'yanta da farin ruwan jikinta duk guba ne. Ki kewaye ta da ƙaya." Na ce to. Ban sa ƙayar ba (wai kada ta ɓata mini kwalliyar ƙofar ɗaki). Na dasa ta tsakanin zogale da lallen Inna, surukata, na ja bakina na yi shiru.

Inna tana da akuya guda, Kyalla, jikar akuyar da mahaifiyar Inna ta rasu ta bar mata. Hira take yi da ita kamar mutum.

Ranar na fito na tarar an tsattsinke ganye a wurin dashen, ga Kyalla kwance tana nishi tana harba ƙafa. Inna ta shiga maƙwabta. Na rarumo kwalbar manja (na taɓa jin ana ba wanda ya ci guba), na rungume wuyan akuya ina ɗura mata ina kuka. Ta fizge, manja ya wanke mini fuska. Ni da ko ido ba na ɗagawa gaban surukai, sai ga ni a guje, ba mayafi ba takalmi, har zaure inda Baba, surukina, ke zaune da baƙi uku.

"Baba, na kashe akuyar Inna."

Duk suka biyo ni ciki. Ana haka Inna ta shigo. Ta durƙusa, ta shafa cikin Kyalla, ta ɗaga wutsiyarta, sannan ta dube ni.

"Ke ɗiyar nan, ba ki taɓa ganin naƙuda ba?"

Wani cikin baƙin ya kama tarin ƙarya. Baba ya ce, "To, Allah ya raba lafiya," ya kwashe mutanensa. Kafin azahar Kyalla ta haifi biyu. Zogale ta ci, bishiyata ko ganye ɗaya bai ragu ba.

Na tsuguna na faɗa wa Inna gaskiya duka. Ta sa gefen mayafinta tana goge mini manjan.

"Ai tun ranar da kika dasa ta na gane ta. Na ga yadda kike kallonta da safe, na ce yarinya tana kewar gida, a bar mata abinta. Ni ce nake ɗaure Kyalla nesa kullum. Yau igiyar ta tsinke."

Ashe tsawon wata guda tsohuwar nan tana gadin sirrin da nake zaton na ɓoye.

Da la'asar muka tone bishiyar tare, hannuwanmu cikin leda, muka mayar da ita bayan katanga, muka zagaye ta da ƙaya, saboda 'yan jariran ba su da wayon uwarsu.

Yanzu in zan shigo da ko tsinke ne gidan nan, sai na fara nuna wa Inna. Ta riga ta sani dai, amma aƙalla Baba da baƙinsa za su huta.